Matafiyin da Na Goge daga Zanen Ummu Bandar

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ni ce Mansura 'yar Malam Salihu, haifaffiyar Mai Wurno ta ƙasar Sudan, mazauniyar Jidda shekara talatin da ɗaya. Ina rubuta wannan takarda da hannuna, hankalina cikakke, ba wanda ya tilasta ni, ba kuma wanda ya san ina rubutawa. Jiki ne kawai ya gaji. Wankin ƙoda sau uku a mako ya kwashe ɗan ƙarfin da shekara hamsin da huɗu suka rage mini. Likita bai yanka mini rana ba, kuma ba shi ne mai yankawa ba, amma mai ɗaki ya san inda yake yoyo. Zuwa gare ku, 'ya'yana uku: Abduljalil, Zakiya da Mus'ab.

Kafin in ce a ba wane wannan a ba wance wancan, zan fara da laifina, domin bai kamata mai laifi ya hau kujerar nasiha ba alhali bai faɗi abin da ya binne ba. Na ci amanar makauniya. Na ɓata mata abin da ta fi ƙauna cikin kayanta, na kuma yi mata ƙarya a kansa shekara shida, kowace Alhamis, har ta koma ga Allah tana yabon gaskiyata. Ranar da aka kai ta makwancinta na yi wa Allah alwashi cewa zan ɗauki abin da hannuna in kai wa 'yarta, in faɗa mata da bakina. Yau shekara tara ke nan. Abin yana bisa kabad ɗin ɗakina, naɗe cikin farin tawul, kuma dukanku kun san shi.

Abduljalil, kai za ka karanta wannan takarda da ƙarfi, ku uku a zaune wuri ɗaya. Mus'ab yana jin Hausa amma dogon zance yakan kufce masa. Duk inda ka ga ya tsaya, ka juya masa da Larabci. Kada ka sassauta ko kalma ɗaya don ka rufa mini asiri. Ba rufin asiri nake nema a wurinku ba.

Na farko, jana'izata. A binne ni inda na cika, ba jinkiri, ba jiran wani ya iso daga Sudan. Zakiya ta kasance cikin masu yi mini wanka. Zaman makoki kada ya wuce kwana uku, kada kuma a ɗora tukunya a gidan nan don masu gaisuwa. Maƙwabta za su kawo abin da Allah ya hore. Wanda ya zo yabona, ku gode masa, ku roƙe shi ya mayar da yabon addu'a. Ita nake bukata.

Na biyu, maganar zanen. Ita ce mafi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Shekara biyu bayan rasuwar mahaifinku na kama aiki a unguwar Ruwais, gidan Hajiya Mariyamu wadda ake kira Ummu Bandar. Abduljalil da Zakiya za su tuna ta. Mus'ab yana ƙarami. An haife ta a Hijaz, amma mahaifinta mutumin ƙasar Sin ne, Musulmi, ya zo aikin hajji ta jirgin ruwa tun zamanin da, bai koma ba. Lokacin da na same ta idonta ya fara mutuwa, tana ganin haske amma ba ta ganin fuska. Bayan shekara biyu ko hasken ya tafi. 'Ya'yanta biyu, Bandar da Ghada, sun yi aure sun bar gidan, sukan zo ranar Juma'a. Sauran kwanakin daga ni sai ita. Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinta, ban taɓa jin ta kira ni da sunan aiki ba.

A ɗakinta akwai doguwar takarda da ake ratayewa a bango, tsawonta ya kai tsayin mutum, faɗinta bai wuce kamu ɗaya ba. An yi mata gefe da alharini, an sa sanda a ƙasanta don ta miƙe. Babu launi a jikinta sai baƙar tawada, wani wuri baƙi ƙirin, wani wuri kamar an tsarma da ruwa har ya kusa ɓacewa, sai ɗan jan hatimi guda a kusurwa da rubutunsu mai gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Tsaunuka ne, ɗaya bayan ɗaya, na gaba da duhu, na baya da haske. Ruwa yana zubowa daga tsakanin duwatsu. Bishiyoyi sun karkace a bakin rami. Kusan rabin takardar ba a taɓa shi da tawada ba, aka bar shi fari, kuma wannan farin shi ne hazo. A can ƙasa akwai 'yar gada ta katako, a kanta mutum guda da sanda a hannu, girmansa bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ba shi da ido, ba shi da baki. Ɗigo ɗaya ne kansa, layi uku ko huɗu ne jikinsa.

Ta ce mini wani malamin mahaifinta ne ya zana masa ranar da zai bar garinsu. Tsaunukan na garin ne, matafiyin kuwa mahaifinta ne. Iyakar abin da ya fito da shi ke nan bayan Alƙur'aninsa. Ita ba ta taɓa ganin ƙasar ba, ba ta jin yaren, ba ta iya karanta rubutun da ke kusurwar ba. Wannan takardar ce duk abin da ta sani na tushenta.

Ita ta koya mini yadda ake kula da ita. Ba a barinta a bango fiye da wata uku a jere, musamman lokacin da damshin tekun nan yake jiƙa mutum tun kafin ya fita ƙofa. Ba a kunna turaren wuta kusa da ita. Ba a taɓa fuskarta da hannu. In za a naɗe, daga ƙasa ake farawa, a riƙe kawunan sandar biyu, a hankali, ba matsewa. Ta kuma koya mini yadda ake kallonta. Ta ce ba a haɗiye ta gaba ɗaya kamar hoton kalanda. Daga ƙasa ake shiga, a bi hanya, a haye gada, a ɓace cikin hazo, a sake fitowa can sama kusa da wata 'yar bukka. Da idonta ya rufe gaba ɗaya, sai wannan tafiya ta koma bakina. Kowace Alhamis da hantsi, bayan ta sha shayi, in juya kujerarta ta fuskanci bangon, in tsaya a gefenta in faɗa mata abin da nake gani, taki bayan taki. In na yi sauri ta ce in koma baya, ai ba bas muka hau ba.

A wannan ɗakin nake sallar azahar da la'asar, domin ba ta son a bar ta ita kaɗai. Zanen ba a alƙibla yake ba, yana hannun dama. Amma wata rana, a shekarata ta biyar a gidan, na sami kaina a tsakiyar raka'a ta uku ina tunanin ko mutumin nan zai kai bukkar kafin duhu. Na sallame ban san abin da na karanta ba. Na tsorata. Na tuna abin da aka karantar da mu game da surar mai rai a cikin ɗaki, da abin da wasu malamai suka ce, cewa in an shafe kan surar hukuncin ya faɗi. Na ce a raina ɗigo ɗaya ne, wa zai sani.

Kun san kakanku malamin allo ne. Na tashi ina ganin yana dafa tawada da gawayi da ƙaro, ina wanke alluna tun ina 'yar shekara shida. A sanina tawada aba ce da ruwa ke ɗaukewa: a zuba, a shafa da tafin hannu, allo ya koma fes. Ummu Bandar da bakinta ta taɓa ce mini tawadarsu ma da baƙin hayaƙi da danƙo ake yi, sai na ɗauka duk ɗaya ne. Ranar Talata da safe, tana barcin hantsi, na jiƙa tsinken audugar goge kunne na ɗora a kan ɗigon. Tawadar ba ta motsa ba. Na ƙara ruwa, na ɗan murza. Tawadar tana nan, takardar ce ta tashi. Ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana cikin ruwa, ta naɗe a kan audugar, ta tafi da kan da kafaɗa. Na rikice, na so in daidaita gefen, sai sauran jikin ya bi. Cikin abin da bai kai minti biyu ba, gadar ta zama babu kowa a kanta. Da wurin ya bushe sai ya bar wani ɗan fari, wanda duk mai kallo daga nesa zai ɗauka hazon ne ya sauko.

Bayan kwana biyu Alhamis ta zo. Na juya kujerar. Na fara daga ƙasa kamar kullum, duwatsu, ciyawa, bakin ruwa. Da muka iso gada ta tambaye ni, kamar yadda ta saba, ko babanta yana nan. Na ce yana nan, da sandarsa.

Na yi ta auna wannan amsa tsawon shekaru. Goge kan ya faru ne cikin jahilci da gaggawa, amma amsar da hankalina na ba da ita. Kuma ba sau ɗaya ba. Na ƙirga Alhamis ɗin da zanen yake rataye a cikin shekara shidan nan, sun haura ɗari da hamsin. Har gwaninta na yi a ƙaryar. Nakan ce yau kamar ya ɗan sunkuya, ta yi dariya ta ce tsufa ne ya kama shi a kan gada. Bandar da Ghada suna shiga ɗakin duk Juma'a, ba wanda ya taɓa matsawa kusa. Abin da mutum ya tashi yana gani tun yarinta ba ya ƙara kallonsa.

Ban rubuta wannan don in yi jayayya da hukuncin malamai a kan sura ba. Ban kai ba, kuma ba shi ne ciwona ba. Ciwona shi ne abin ba nawa ba ne. Da tsoron Allah ne tsantsa ya motsa ni, da na buɗe baki na gaya wa mai shi, ko in ɗauki dardumata in koma falo, taku goma ne. Mahaifinta mahajjaci ne, ya yi salla a gefen wannan takarda har ya mutu; ban tsaya na tambayi kaina ko na fi shi tsoron Allah ba. Abin da na gano daga baya, kuma ya fi komai yi mini ɗaci, shi ne ina son zanen. Ina jiran Alhamis fiye da yadda take jira. Zuciyata ce ta fita daga salla, sai na hukunta takarda, na zaɓi lokacin da makauniya take barci.

Akwai lokacin da na riƙa lallashin kaina cewa wataƙila ta gane, ta yi shiru don ta rufa mini asiri. Ba ta gane ba. Kada wani cikinku ya ɗauki wannan ya yi mini kwalliya da shi. Ana saura mako biyu ta rasu, a gabana ta ce wa Ghada a ba ni zanen, domin ni ce idonta, kuma a duk waɗanda suka yi mata aiki ni kaɗai ce ba ta taɓa kamawa da ƙarya ba. Ni na sauke shi daga bango, ni na naɗe. Ghada ta miƙo mini shi da hannu biyu tana kuka. Na karɓa.

Saboda haka ku sani, zanen nan ba ya cikin gadona. Kyautar da aka yi a kan ƙarya ban ɗauke ta halal gare ni ba, ba kuwa za ta halatta gare ku ta hanyata ba. Haƙƙin Ghada ne da Bandar. Wani ɗan kasuwa a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, ya taɓa ce wa Abduljalil irin waɗannan takardu suna da masu nema. Kada a kai masa, kada a ɗauki hotonsa a tura wa kowa. Kada kuma a nemi mai gyara ya mayar da mutumin. Hannun da ya zana shi ya daɗe a ƙasa, duk wanda aka sake ɗorawa a kan gadar nan ƙarya ce ta biyu.

Na uku, Zakiya da Mus'ab. Shekara uku ke nan ba ku gaisa ba sai in ina wurin, kuma ko a gabana gaisuwar baƙi kuke yi. Na san ranar da abin ya fara. Lokacin rusau ne, da hukuma ta sa wa gidanmu na unguwar Nuzla alama muna kwashe kaya cikin rana. Tawul ɗin ya zame, Mus'ab ya buɗe takardar, ya ce kayan waɗanda ba su san Allah ba ne, ba za a kai shi sabon gida ba, ya nufi tarin shara da shi. Zakiya ta fizge. Ya ce mata addininta na ado ne. Ta ce masa gemun da bai gama fitowa ba shi ke ba shi izinin yi wa mutane hisabi. Ina tsaye da buhun tukwane a hannu, na ji duka, ban ce uffan ba. Kowannenku ya ɗauka shirun nan goyon bayansa ne. Tsoro ne. Ina tsoron a buɗe takardar sosai a tsakar rana Zakiya ta duba gadar, domin tana yarinya takan bi ni Ruwais in babu makaranta, ta zauna a ƙasa tana sauraron tafiyar Alhamis, kuma ta san akwai mutum a wurin.

Mus'ab, kai ne ka fi kama da ni, shi ya sa na fi jin tsoro a kanka. Tsananin da ke cikinka ni na shuka shi. Na yi ta gyara muku tsayuwa da ruku'u, ban taɓa zaunar da ku na ce ga inda ni na karkace ba. Ka riƙe sallarka da karatunka, ina alfahari da su. Amma duk ranar da ka ji hannunka yana ƙaiƙayin gyara abin wani, ka fara tambayar kanka abu biyu: naka ne, kuma mai shi yana kallo? In amsar ta zama a'a, ka mayar da hannun aljihu ka yi magana da baki. Uwarka ba ta yi haka ba, ga ta nan shekara goma sha biyar ba ta huta ba. Ka je ka nemi gafarar yayarka. Kai ne ƙarami, kai ne kuma ka fara.

Zakiya, ke ma ba ki tsira ba. Harshenki yana yanka inda ba ya warkewa da wuri, kuma kin san ƙaninki ya tashi bai san uba ba, abin da ya samu ya jingina da shi ke nan. In ya zo, kada ki tsayar da shi a ƙofa. Na kuma san za ki ji zafina fiye da su in kin gama jin wannan takarda, domin kin kare zanen ne kina zaton kina kare amanar da uwarki ta riƙe. Ki ji zafin, haƙƙinki ne. In ya huce ki yi mini addu'a.

Na huɗu, yadda za a mayar da shi. Bayan kwana ukun makoki, kada ku ƙara mako a kai. Ghada tana unguwar Hayyus Safa, Abduljalil ya san gidan. Ku tafi ku uku, da rana, lokacin da haske yake da kyau. Mus'ab ne zai ɗauka, a kwance bisa hannu biyu, ba a tsaye ba, ba kuma a bayan mota ba. Zakiya ce za ta buɗe, a kan shimfiɗa mai tsabta, hannunta a bushe, ta nuna wurin da yatsa ba tare da ta taɓa ba. Sannan ta faɗi abin da na yi kamar yadda na rubuta shi: ranar, da audugar, da amsar da na bayar, da yawan shekarun. Kada a ce kuskure ne aka yi wajen shara. Ku roƙe ta ta kira Bandar a waya ya ji da kunnensa, domin shi ma magaji ne. In sun yi fushi, ku tsaya ku saurara har su gama, kada wanda ya kare ni. In sun yafe, ku gode, amma ku sani abin da ke hannunsu kaɗai suka yafe. Ƙaryar da na yi wa mahaifiyarsu tana tsakanina da ita har ranar da za a tsayar da mu. In kuma suka ce ku koma da shi, to a lokacin ya zama kyauta ta gaskiya, Zakiya ta ajiye, ta riƙa fitar da shi yana shan iska in sanyi ya shigo.

Bayan kun dawo, ba kafin nan ba, ku ciyar da miskinai goma a madadina, kaffarar alwashi. Na san hukuncin tun tuni. Na ƙi yi da kaina ne don na san halina: da na ciyar, da na ce shi ke nan, an rufe maganar.

Na biyar, abin da na bari. Ba shi da yawa, kuma Allah ya riga ya raba. A kira malami ya raba yadda shari'a ta ce, kada a yi kara a cikinsa. Magaji ba a yi masa wasiyya, don haka abin da zan faɗa roƙo ne, in kun yarda ku uku. Alƙur'anin kakanku na rubutun hannu, mai gafakar fata, ya zauna wurin Mus'ab, shi zai karanta. Keken ɗinki a ba Hadjara maƙwabciyarmu, wadda take raka ni asibiti duk ranar da Abduljalil yake aiki, ta zauna awa huɗu a kan benci ba ta taɓa nuna gajiya ba. Wannan kam wasiyya ce, a fitar da shi kafin rabo. 'Yan kunnena na zinariya guda biyu su shiga rabo kamar komai.

Na shida, takardu. Suna cikin jakar leda shuɗiya a ƙarƙashin katifa: iƙamata, wato takardar izinin zamana, takardun haihuwarku, da takardar aurenmu da mahaifinku. Abduljalil, ka sanar da kafili, mutumin da iƙamata take ƙarƙashin sunansa, da wuri, kada a bar sunana a buɗe ya jawo muku wahala. Ka riƙa duba ranar ƙarewar iƙamar ƙannenka kamar yadda nake yi, domin Mus'ab mantuwa gare shi. Na ɗora maka kaya tun kana ɗan shekara goma sha ɗaya, ban taɓa tambayarka ko ya yi maka nauyi ba. Ka yafe mini wannan. Kai ne babba, amma babba ba alƙali ba ne; ka zama wurin da za su zo su sauke gajiya.

Na bakwai, ku riƙe juna. Rusau ya watsa unguwarmu, waɗanda muka yi shekara ashirin muna musayar gishiri da su yau ban san inda rabinsu suke ba. A ƙasar nan ba ku da kawu, ba ku da gwaggo, ba ku da gidan kaka da za ku gudu in ta ɓaci. Ku uku ne. Ku ci abinci tare ranar Juma'a ko da shinkafa ce da wake. Ku yi wa 'ya'yanku Hausa ko da za su amsa da Larabci. Ku kira dangin Mai Wurno a sallah ƙarama da babba. In ɗayanku ya yi laifi ya faɗa tun yana ɗanye, sauran kuma su sauƙaƙa masa faɗar, domin na ga yadda laifi yake yi in ya kwana: ba ya ruɓewa, tauri yake ƙarawa.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare muku imaninku, ya ba ku abokan zama masu tausayi da zuriya mai jin ƙai. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ku yafe mini tsananina. Ku sa Hajiya Mariyamu cikin addu'arku duk lokacin da kuka sa ni, ku fara ambaton sunanta kafin nawa.

Saura abu ɗaya, don kada ku yi ta tambayar juna bayan ba ni. Da aka yi rusau na ce wa kaina hanya ta ɓace, alhali lambar Ghada tana cikin wayata. Da ciwo ya zo na ce sai na sami sauƙi. A watan jiya, ranar Asabar, na ga sauƙin ba zai zo ba, na ce wa Abduljalil ya kai ni in gaishe ta. Ya ga tawul ɗin a cinyata bai tambaya ba. Na hau bene hawa biyu ina hutawa a kowane mataki. Ghada ta rungume ni, ta kira ni khala, wato inna, ta zaunar da ni a kujerar da ta fi laushi, ta kawo gahawa da dabino. Da ta ga abin da ke hannuna sai ta ɗora tafinta a kai, ta ce ashe har yanzu ina riƙe da shi, lallai mahaifiyarta ba ta yi kuskuren mutum ba. Na buɗe baki. Na ce mata na kawo shi ne ya sha iska a gidan jininsa. Muka yi hirar ciwo da tsadar kaya, na sha gahawa kofi biyu, na ɗauki tawul ɗina na sauko.

Ban cika alwashina ba. Allah ne shaida, ku ma yanzu kun zama shaidu.

Mahaifiyarku,
Mansura Salihu
Jidda